Darasi na 12: Falarof da Baƙin Tsuntsayen Bakin Ruwa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana siffar falarof da yadda yake neman abinci;
2. faɗin inda yake ƙyanƙyasa da inda yake cin rani;
3. bambanta shi da tsuntsayen da muke gani a bakin kogi da bakin tura'a (magudanar ban ruwa);
4. faɗin abin da manomi da masunci za su yi don kada bakin ruwa ya lalace.

Baƙin ƙarshen damina

Babu wanda bai san shamuwa ba a Mai Wurno da Sinja da ƙauyukan Jazira. Takan iso gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙarta a kan bishiyar tsakiyar gari, yara ma sun san ba a jifanta. Amma lokacin da take haramar komawa kudu, akwai wasu baƙin da ke isowa daga arewa, ba kowa ke lura da su ba.

Shuɗin Nilu yakan cika ya batse a watan Agusta zuwa farkon Satumba, sa'an nan ya soma janyewa, ya bar laka mai laushi a gaɓa. A kan wannan laka, da bakin tura'a, da inda ruwa ya kwanta a ƙarshen hawasha, wato gonar ban ruwa, za ku ga ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa-ƙasa, da siririn baki da dogayen ƙafafu, suna ta kai da kawo suna caccakar taɓo. Yawancinsu ba a Sudan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Rasha da Finland da Norway suka taso, kuma suna nan tare da mu har watan Maris ko Afrilu.

Danginsu yana da yawa, ya haura iri 80. Kusan dukansu a ƙasa suke takawa, su shiga ruwa iyakar gwiwa. Iri uku ne kawai suka saki wannan al'ada suka zama masu iyo, su ne masana ke kira falarof. Idan muka fahimci rayuwar falarof, za mu fahimci abin da sauran baƙin ke nema a bakin ruwanmu.

Siffarsa

Na farko shi ne falarof mai jan wuya, shi ne ƙaraminsu, kuma shi ya fi kusa da ƙasarmu. Tsawonsa kimanin santimita 18, nauyinsa galibi bai wuce giram 40 ba. Na biyu shi ne mai jan ciki, ya ɗan fi na farko kauri da faɗin baki. Na uku ana ce masa falarof na Wilson, ya fi su girma, kuma a nahiyar Amurka yake rayuwa.

Jan launin nan ado ne na lokacin aure. Da zarar sun baro ƙasar haihuwa sai su sake gashi, baya ya koma toka-toka, ciki fari fat, da wani baƙin zane da ya bi ta kan ido. Bakin mai jan wuya baƙi ne, siriri, miƙaƙƙe.

Sirrin iyonsa yana ƙafa da ƙirji. Yatsunsa ba a haɗe suke da tantani gaba ɗaya irin na agwagwa ba. Kowane yatsa yana da 'yar fata a gefe da gefe, wadda ke buɗewa idan ya tura ruwa baya, ta naɗe idan ya jawo ƙafar gaba. Gashin ƙirjinsa kuma mai kauri ne, yana riƙe iska, shi ya sa yake zama a saman ruwa sakayau, yana tafe yana kaɗa kai. Allah ya kuma yi masa wasu ƙananan gaɓoɓi a saman idanu masu tace gishiri daga jikinsa su fitar da shi ta hanci. Da wannan baiwa yake iya yin watanni a tsakiyar teku bai taka ƙasa ba.

Yadda yake cin abinci

Abincin falarof ƙanana ne ƙwarai: tsutsar sauro, ƙananan ƙudaje, da wasu halittun ruwa dangin jatan lande waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Ba ya iya nutso ya bi su ƙasa, saboda jikinsa ya cika sauƙi. To, sai ya jawo su sama.

Ku dubi yadda yake yi. Yakan tsaya wuri ɗaya a kan ruwa, ya shiga juyawa da sauri, kusan zagaye ɗaya a kowace daƙiƙa, ƙafa ɗaya tana tura ruwa da ƙarfi fiye da ɗayar. Ruwan sama yana ta watsuwa gefe, sai na ƙasa ya taso ya cike gurbin, ya taho da ƙwarin da ke cikinsa. Shi kuwa yana juyawa yana tsinta, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai sauran dabara. Abin da ya tsinta yana can a tsinin baki cikin ɗigon ruwa, kuma bakin ƙasa yake kallo. Maimakon ya ɗaga kai ya haɗiye, sai ya riƙa buɗe baki kaɗan yana rufewa da sauri, ɗigon yana hawa a hankali har ya isa maƙogwaro. Masana a Amurka sun bayyana wannan a 1993, wasu kuma suka gwada shi a ɗakin bincike a 2008. Gwajin ya nuna cewa dabarar ta dogara ga yadda ruwa ke manne wa bakin. Idan mai ko sabulu ya shafi bakin, ɗigon ba zai hau daidai ba, tsuntsu zai zauna da yunwa alhali abinci na gabansa.

Mace ke nema, namiji ke kwanci

A yawancin tsuntsayen da muka sani, namiji ne mai ado, mace ce mai kwanci. Wajen falarof abin ya sha bamban. Macen ta fi girma, launinta ya fi haske, ita ce ke bin namiji, har faɗa take yi da 'yan uwanta mata a kansa. Idan ta saka ƙwai, galibi huɗu, cikin wani ɗan rami a ciyawa kusa da kududdufi, aikinta ya ƙare. Namiji shi kaɗai zai kwanta a kansu kimanin kwana 20. 'Yan tsakin suna fitowa da gashinsu, ba sa daɗewa a sheƙa suke bin ubansu suna tsintar abinci da kansu, shi kuma yana rufe su idan sanyi ya taso. Bayan kimanin mako uku sun iya tashi.

Me ya kawo haka? Falarof mai jan wuya da mai jan ciki suna haihuwa ne a ƙuryar arewacin duniya, ƙasar da ƙanƙara ke rufewa mafi yawan shekara. Lokacin ɗumi gajere ne, daga Yuni zuwa Agusta, rana kusan ba ta faɗuwa, ƙwari suna fitowa ba adadi. Amma yanyawar ƙasar ƙanƙara da manyan tsuntsaye suna cinye ƙwai da yawa. Ƙwai huɗun nan kuwa sun fi rabin nauyin jikin macen. Masana suna ganin cewa idan namiji ya ɗauke mata kwanci, tana samun damar cin abinci ta maido ƙarfinta, ta sake saka wasu ƙwan idan na farko sun salwanta, ko ta saka wa wani namijin. Ta haka zuriya ba ta yankewa a ƙasar da lokaci ya yi ƙaranci. Matan ne kuma ke fara kama hanyar kudu, mazan su biyo baya, sabbin 'ya'ya su zo a ƙarshe ba tare da jagora ba.

Maƙwabcinmu mai irin wannan hali

Ba sai mun je ƙasar ƙanƙara ba kafin mu ga uba yana reno. Masunta sun san taka-a-bado, tsuntsun nan mai jan jiki da farin wuya da shuɗin goshi, wanda yatsunsa suka yi tsawo har yake tafiya a kan ganyen bado bai nutse ba. Shi ma macen ta fi girma, takan mallaki yanki guda na tafki mai maza fiye da ɗaya, ta saka wa kowanne ƙwai a kan tarin ciyawa mai yawo a ruwa. Namiji ke kwanci. Idan ya hango shaho ko ya ji motsin jirgin masunci, sai ya durƙusa, 'yan tsakin su shige ƙarƙashin fukafukansa, ya matse su ya miƙe ya yi gaba da su, ba abin da ake gani sai ƙafafunsu suna reto. Wanda ya yi haƙurin zama shiru a bakin tafki mai bado a ƙarshen damina zai iya ganin wannan da idonsa.

Hanyar cin rani

Falarof mai jan wuya yana cin rani a manyan wurare uku, duka a teku: gaɓar Peru a Kudancin Amurka, tekunan Indonesiya da Filifin, da Tekun Larabawa, wato ruwan da ke gaban Oman da Yaman da Somaliya. Na ukun nan shi ne maƙwabcinmu. Daga watan Yuni zuwa Satumba iska mai ƙarfi tana kore ruwan sama daga gaɓar Oman da Somaliya, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da abincin ƙananan halittu. Abin da tsuntsun ke yi da ƙafarsa a kududdufi, shi iska ke yi masa a teku. Mai jan ciki kuwa yana zuwa ruwan da ke gaban Muritaniya da Senegal da Namibiya, inda ake samun irin wannan tasowar ruwa.

An gano hanyoyinsu ne ta wata 'yar na'ura da ake ɗaura musu, wadda nauyinta bai kai giram ɗaya ba. Tana rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kowace rana, daga nan ake lissafa inda tsuntsu ya kwana. Waɗanda aka ɗaura wa a arewacin Sweden sun keta ƙasa kimanin kilomita 6,000, suka ya da zango a Bahar Aswad da Tekun Kasfiyan, kafin su isa Tekun Larabawa. Wani kuma da aka ɗaura wa a tsibirin Fetlar na arewacin Birtaniya a 2012 ya dawo a 2013, na'urarsa ta nuna ya haye Tekun Atlantika, ya bi gaɓar Amurka, ya ci rani a ruwan Ekwado da Peru. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 20,000.

A nan Sudan falarof baƙo ne da ba kasafai ake gani ba. An fi sa ran ganinsa a Bahar Maliya lokacin wucewa. Amma tunda yana keta ƙasa, yakan sauka jefi-jefi a tafkunan gabashin Afirka. Alamar gane shi mai sauƙi ce: idan kuka ga ɗan ƙaramin tsuntsu fari da toka-toka yana iyo a tsakiyar ruwa yana juyawa, alhali 'yan uwansa suna takawa a gefe, to shi ne.

Darajar zango

Iyayenmu sun san abin da ake kira zango. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a 1906. Kafin su da bayansu alhazai sun bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙafa. Babu wanda ya yi wannan tafiya a miƙe. Rijiya ce bayan rijiya, zango bayan zango, kuma idan rijiya ɗaya ta ƙafe a tsakiyar hanya, ayari duka ne ke cikin haɗari. Haka lamarin tsuntsu mai ƙaura yake. Kitsen da ya tara a wannan zango shi ne guzurinsa zuwa na gaba.

An ga abin da ke faruwa idan zango ya lalace. A mashigin Fundy, kan iyakar Kanada da Amurka, falarof mai jan wuya fiye da miliyan ɗaya ne ke taruwa kowace kaka a shekarun 1970. Kafin shekarar 1990 ta wuce an neme su a wurin an rasa. Ruwa ba ya tsami banza: masana sun danganta abin da raguwar ƙananan halittun da suke ci. Falarof na Wilson kuma yana tara kitse a Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah kafin ya tashi zuwa tafkunan Ajantina da Bolibiya. Ruwan wannan tafki ya ja baya ƙwarai saboda fari da yawan ɗibar ruwan ban ruwa daga kogunan da ke shiga cikinsa, har a 2022 ya kai ƙarancin da ba a taɓa aunawa ba.

Bakin ruwanmu

Ƙasarmu tana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin tsuntsaye na duniya, wadda ke bin Nilu da Bahar Maliya. Tsuntsun da ya ƙetare hamada, ruwan farko da zai dogara da shi sau da yawa namu ne.

Hannun mutum ya daɗe yana sauya wannan ruwa. An gama madatsar Sinnar a 1925, da ita aka buɗe aikin noman Jazira, wanda da ƙarin Managil ya kai kimanin faddan miliyan biyu. Hausawa da yawa sun yi aikin ginin madatsar da tsinkar auduga. An gama madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawo a 2013. Ruwan tura'a da na ƙananan magudanan da ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta ya samar wa tsuntsaye wuraren kiwo a filin da can baya busasshe ne duk rani. A ɗaya gefen kuma, tun shekarun 1940 aka fara fesa wa audugar Jazira maganin ƙwari, daga baya har da jirgin sama, kuma abin da aka fesa ƙarshensa ruwa. Habasha ta fara gina madatsar Nahda a 2011, ta soma tare ruwa a 2020. Babbar madatsa tana riƙe laka, tana rage cikar damina, tana ƙara ruwan rani. Wannan ya shafi mai noman jaraf, wato noman gaɓar kogi, da mai bulo, ya kuma shafi tsuntsun da ke kiwo a kan sabuwar laka, da ladin kogi mai binne ƙwansa a yashin tsakiyar kogi.

Akwai kuma gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe a 1935. Fadamunsa da ake kira maya suna riƙe ruwa har cikin rani, kuma a 2005 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Sai dai tsuntsu bai san iyakar gandun daji ba. Da yawa daga baƙin nan a gonakinmu da bakin garuruwanmu suke kwana, don haka amanarsu tana hannun manomi da masunci da mai ɗibar ruwa.

Wannan amana ba ta rabu da lafiyarmu ba. Ruwan da zakaran ƙeƙuwa ke kiwo a gefensa shi ne wanda ake shayar da awaki, ake wanki, yara ke wasa a ciki. Inda tsuntsaye suka saba taruwa suka daina, a binciki ruwan.

Abin da ke hannunmu

1. Kada a wanke famfon feshi ko jarkar magani a tura'a ko kogi. A wanke nesa da ruwa, kuma kada a zuba ruwan sha ko mai a jarkar da ta taɓa ɗaukar magani.
2. Kada a zuba guba don kama kifi. Tana kashe kifi ƙanana da manya, ta kashe tsuntsu, ta shiga cikin wanda ya ci.
3. Kada a juye baƙin man famfo ko na injin jirgi a ruwa.
4. A kwashe tsohuwar koma da zaren ƙugiya daga gaɓa, don suna sarƙe ƙafafun tsuntsaye.
5. A bar sheƙa da ƙwai inda aka gan su, a kuma ja kunnen yara masu danƙo.
6. Idan aka samu tsuntsu da zobe a ƙafa, a kwafi lamba da rubutun da ke jiki, da rana da wurin da aka same shi, a kai wa jami'an kula da namun daji.
7. Idan aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya, kada a taɓa su, kada a ci, a nisanta kaji da su, a sanar da likitan dabbobi.

Kalmomin darasi

*Cin rani:* barin gida na wani lokaci a shekara don neman abinci.
*Kwanci:* zaman tsuntsu a kan ƙwai har su ƙyanƙyashe.
*Dausayi:* wuri mai danshi da ciyawa wanda ruwa ke daɗewa a cikinsa.
*Maya:* fadamar da kogi ya bari bayan ya sauya hanya.

Tambayoyi

1. Falarof iri nawa ne? Wanne ya fi kusa da Sudan?
2. Me ya sa falarof yake juyawa a kan ruwa?
3. Wane aiki namijin falarof yake yi? Wane tsuntsu ne a wurinmu yake da irin wannan hali?
4. Ambaci wurare uku da falarof mai jan wuya ke cin rani.
5. Me ya faru a mashigin Fundy, kuma wane darasi ke cikinsa?
6. Lissafi: daga gama madatsar Sinnar zuwa gama ta Rusairis shekara nawa ne?
7. Lissafi: idan tsuntsu zai yi tafiyar kilomita 6,000, ya raba ta kashi huɗu daidai, kilomita nawa ne kowane kashi?

Aikin mako

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi wuri ɗaya a bakin kogi ko tura'a, ya je bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ya zauna shiru na rabin sa'a. Ku rubuta rana da wuri, da irin tsuntsayen da kuka gani, da adadin kowanne, da launin ƙafa da tsawon baki. Ku lura da wanda ke takawa da wanda ke iyo. Sa'an nan kowa ya sami dattijo ko dattijuwa a unguwarsa, musamman masunci, ya tambayi sunayen tsuntsayen da Hausa da Larabci, da waɗanda ake gani da can aka daina gani yanzu. Ku zo da abin da kuka rubuta aji na gaba, za mu haɗa shi a allo mu fitar da jerin tsuntsayen garinmu, mu ajiye shi don a sake ƙirgawa a wuri ɗaya baɗi.